Tsakanin Lasifika Biyu

Ɗakina a Mabera taku bakwai ne,
takwas in ka haɗa da dokin ƙofa.
Katifa ta cinye rabi,
randa da akwati sun raba saura,
ni ma da izininsu nake kwana.

Nan na sauke kayan sauti na gwanjo,
wata biyar ina biyan Modi kuɗinsu,
Modi mai gyaran rediyo a bakin Tsohuwar Kasuwa,
wanda ya ce, yana sakace da tsinken ashana:
"Abin ga bai son matsi.
Ka ba shi wuri shi sha iska.
Ja ga ja, baƙi ga baƙi,
in ka sarƙe su, ganga ta koma gwangwani."

Wuri? A ina?
Lasifikar dama ta hau akwati,
ta hagu na rasa mata masauki
sai murfin randa.
Na feƙe waya da reza,
jan ƙarfe ya baje kamar gemun masara,
na murɗe shi, gumi na bin gwiwar hannu.
Bazara ce. Rufin kwano na ƙas-ƙas don zafi,
ko ƙadangare ya ƙi hawa katanga.

Ina ɗaure waya ta ƙarshe aka ɗauke wuta.
Muka zauna ni da su, shiru,
kamar baƙin da ba a kawo wa ruwa ba.

Sai bayan isha'i ta dawo.
Na murɗa. Kai!
Ruwan randa ya yi tsuma,
moɗa ta taka rawa har ta faɗi,
cokula na gardama a cikin kwano,
Inno Kulu ta bugi bango daga nata ɗakin:
"Wa ka daka da tsakad dare?"

Na rage.
Na janye su daga bango tafin hannu guda,
na ninke tsohon rawani na sa wa ta hagu matashi,
na rataye bargo inda sauti ke dukan siminti ya dawo.
Na karkato fuskokinsu suna duban inda nake sa kai,
na kashe fanka don tana yayyanka murya,
na yarda in dahu.

Sannan na buɗe gwangwanin madara
na ciro abin da ya sa na ci bashin nan:
kaset guda, takardarsa ta yi ja,
wani ya rubuta masa, "Zuwa ga iyali, daga Kumasi."
Baba Ladan bai iya boko ba,
in ya kai lodin albasa kudu ya daɗe
murya yake aiko mana.
Na ɗaure zaren da biro, na tura, na danna.

Shuuu, kamar yayyafi a kan gulbin Rima.
Sai tari.
Sai sallama.

Ba daga dama ta fito ba,
ba daga hagu ba.
A tsakiya ta tsaya,
daidai ƙusar da nake rataye hula,
inda babu waya, babu katako, babu komai.

Ya gai da kowa da sunansa,
rabinsu yanzu suna inda yake.
Ya ce albasa ta faɗi, taya ta fashe sau biyu,
ya tambayi ko jar akuya ta haihu.
Ya yi dariya da wani can nesa da ba mu sani ba,
sannan:
"Ku ce ma Jaɓɓi shi bar taɓa min rediyo,
batir na da tsada."

Ni ne Jaɓɓi.
Yau na girmi mai wannan murya da shekara uku.

Inno Kulu ba ta sake bugun bango ba.
Ruwan randa ya kwanta.
Ɗakin dai taku bakwai ne,
amma na tsinci kaina ina naɗe ƙafafu,
ina matsawa jikin bango
don ya samu wurin zama.